Kabad Mai Siffar Rumbu: Yadda Aiki Ke Tafiya

8 ga Mayu, 2023

An ba da kafin alƙalami, aiki ya tabbata. Wata 'yar gonar inabi da ke bayan garin Stellenbosch, a Afirka ta Kudu, ce take son ma'ajiyar kwalabe da za ta tsaya a tsakiyar ɗakin da suke karɓar baƙi masu ɗanɗana giyarsu. Mai gonar ta ce ba ta son kanta irin ta kowa, mai ramuka kamar saƙar zuma a jikin bango. Tana son abin da mutum zai zagaya ya kalla ko da babu kwalba ɗaya a ciki. Maigidana, mai shagon kafinta da nake aiki a ciki, ya ce tunda ni na kawo zanen da ta zaɓa, ni zan riƙe aikin daga farko har ƙarshe.

Ni Kirista ne, daga ƙasar Zazzau, kuma na san da yawa cikin masu karanta wannan ba ruwansu da giya. Abokin aikina a shago ma Musulmi ne, ɗan asalin unguwar Bo-Kaap ta birnin Cape Town, ya faɗa wa maigida tun da wuri cewa ba zai sa hannu a wannan ba. Aka ba shi teburin cin abincin da ke jira, magana ta ƙare lafiya lau. Abin da zan riƙa rubutawa a nan aikin katako ne.

Zanen rumbu ne, na ƙasa, wanda wasu ke kira rufewa. Ba don ado na ɗauko shi ba. Abin da hatsi ke so a wurin ajiya kusan shi kwalba ke so: duhu, nesa da damshin ƙasa, bango mai kauri da ba ya barin zafi ya sauya farat ɗaya, da ƙaramar ƙofa da ba a yawan buɗewa.

15 ga Mayu

Na je gonar da tef da littafi. Mai haɗa musu giyar ya fito mini da kwalabe iri uku, dukkansu masu cin mililita 750. Mai kafaɗa, irin ta Bordo, kaurinta kusan santimita bakwai da rabi. Mai gangaren wuya, irin ta Burgundi, ta haura takwas. Mai kumfa, wadda a nan ake kira Cap Classique, ta kusa tara, kuma ta fi sauran nauyi saboda kaurin gilashin. Kafintan da ya yanka gurbi da ma'aunin ta farko kaɗai, ran da aka kawo ta ukun zai ji kunya. Na tsayar da kowane gurbi a kan babbar.

Dole kwalba ta kwanta, don giyar ta riƙa jiƙa toshiyar ɓawon itacen da ke bakinta. In ta bushe sai ta motse, iska ta shiga, giyar ta lalace. Masu murfin murɗawa ba su damu da wannan ba, amma gonar nan ta tsaya kan tsohuwar toshiya. Sanyin da ake so wajen digiri 12 zuwa 14 ne, damshin iska kuma kashi 60 zuwa 70. Na gaya wa mai gonar ƙarara cewa katako ba firji ba ne. A watan Janairu da Fabrairu zafin kwarin nan yana wuce digiri 30 cikin sauƙi, kuma babu kaurin bangon da zai hana kabad ɗaukar zafin ɗakin da yake ciki. Iyakarsa ya rage saurin sauyin. Ta ce ɗakin yana da na'urar sanyaya wuri, kuma kwalaben da za su zauna a ciki na sha ne a shekarar, ba na ajiyar shekara goma ba. To, mun fahimci juna.

Na auna ƙofofi kafin in auna komai. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum a ƙasar nan faɗinta milimita 813 ne, tumbin kabad ɗin kuwa faɗinsa zai kai santimita 90. Ƙofar gaba mai ƙyaure biyu ce, zai shige, amma ta shagonmu ta baya ba za ta bar shi ya fita ba. Don haka jikin zai rabu biyu a ƙugu, a haɗa shi a can.

24 ga Mayu

Tsarin ciki ya zauna. Sandar ƙarfe ɗaya a tsakiya, faranti shida suna juyawa a jikinta, kowane faranti kwalba takwas, wuyansu na kallon sandar, gindinsu na kallon bango. Wuya siriri ne, takwas suna samun wuri a kusa da sandar ba tare da sun taɓa juna ba, faɗin kuma yana waje inda ake buƙatarsa. Kwalba 48 ke nan. Cikakkiya ɗaya tana kai kilo ɗaya da 'yan kai, duka za su haura kilo 60. In aka haɗa da katako da ƙarfe, muna maganar kilo 200 ko kusa da haka a kan ƙafafu uku.

Mai haɗa giyar bai so juyawar ba da farko. Ya ce jan giya tana kwantar da laka a ƙasan kwalba, girgiza tana tayar da ita. Yana da gaskiya. Mun tsaya a kan cewa kowane faranti zai juya shi kaɗai, kuma zan sa wani ƙyalle mai kauri ya riƙa dannan boris ɗin, yadda ko yaro ya tura ba zai yi gudu ba.

3 ga Yuni

Na kira Kawu a gida, shi ne ya gina rumbunan gidanmu duka. Da na gaya masa abin da nake yi sai da ya yi dariya har ya yi tari.

"Kai ɗan nan, rumbun katako? Gara za ta yi maka godiya."

Na ce, "Kawu, a cikin ɗaki zai zauna, kan siminti."

"To ai ba rumbu ba ne, akwati ne mai tumbi."

Da ya gama tsiyarsa ya ba ni abin da na kira dominsa. Ya ce ba a gina rumbu rana ɗaya. Ana cuɗa ƙasa da ramno, a bar ta ta kwana, a ɗora zagaye ɗaya ko biyu, a tafi a bar shi ya sha iska kafin a ƙara. Wanda ya yi gaggawa tumbin zai zauna masa. Ya ce faɗin ba a tsakiyar tsayi yake ba, yana ɗan sama da tsakiya, kamar kafaɗa. In ka sa shi ƙasa sai ya zama tulu. Da na koma kan zanena na ɗaga wurin da ya fi faɗi da santimita goma, nan take siffar ta miƙe tsaye.

Maganarsa ta kuma raba mini gardamar da nake yi da kaina kan yadda zan gina jikin. A wannan yanki hanyar da kowa zai fara tunawa ita ce ta masu yin ganga: dogayen filanki a tsaye, a ɗaure da zoben ƙarfe. Gangar giya mai cin lita 225 tana ko'ina, in ta tsufa gonaki suna sayarwa da araha, kuma an riga an mayar da ita kujera da tebur da tukunyar fure har ido ya gaji. In na bi ta nan, duk wanda ya shigo ganga zai gani. Zan gina shi zagaye-zagaye daga ƙasa zuwa sama, yadda Kawu ke yi, sai dai da katako da gam.

12 ga Yuni

Katako ya iso. Kiaat ne, wanda a Zambiya da Zimbabuwe ake kira mukwa. Ɗan'uwan madobiya ne, dangi ɗaya, in an sari ɗanyensa yana zubar da jan ruwa kamar yadda madobiya ke yi. Na zaɓe shi don ba ya yawan motsi in yanayi ya sauya, ga launi daga ruwan zuma zuwa ja mai duhu a filanki ɗaya.

Samunsa ya fi da wuya yanzu. A nan Afirka ta Kudu itacen yana cikin waɗanda doka ta kare, ba a sara sai da izini, mafi yawan na kasuwa daga maƙwabta yake zuwa. A taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Panama a Nuwamban 2022 an sa duk dangin wannan itace na Afirka a jerin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda, tare da dangin maɗaci da na kawo, dokar kuma ta fara aiki a Fabrairun bana. Madobiya ita ta riga su shiga tun 2017, bayan an yi mata kisan gilla a Afirka ta Yamma ana lodawa zuwa Sin. Duk wanda ya ga tirelolin gungume suna fitowa daga Taraba a shekarun nan ba zai ce dokar ta yi tsauri ba. Namu tsohon kaya ne da ya daɗe a rumfar dillali, da takardunsa. Na'urar auna damshi ta nuna kashi 11 zuwa 12. Na jera shi da 'yan sanduna a tsakani, zai yi mako biyu yana sabawa da iskar shago.

Abu ɗaya da na hana a shigo da shi ko don yin tsinken tallafi: katakon falet, wato dandamalin da ake jera kaya a kai don lodi, da duk wani katakon da aka yi wa feshin magani. Akwai maganin katako mai sinadarin kulorin da, in ya haɗu da fumfuna, yake haifar da wani wari irin na jiƙaƙƙen kwali, masu giya suna kiransa TCA. Kaɗan ƙwarai ya isa ya ɓata giya, kuma yana iya kama ɗakin ajiya gaba ɗaya.

28 ga Yuni

Yanka. Kowane zagaye guntu 12 ne, kowane guntu an yanke bakinsa biyu a digiri 15. Kaurin zagaye santimita huɗu da rabi, jikin zai ci zagaye 29, kuma babu biyu masu faɗi ɗaya. Rabin digiri in ya kuskure a zarto, sai ya taru sau 24 ya buɗe baki a haɗin ƙarshe. Dabarar ita ce a haɗa rabi-rabi, guntu shida-shida, a goge bakin rabin biyun a kan samfefa da aka manna a gilashi, sannan a haɗa su.

Damina ce a nan, da sanyi. Da safe shago yana sauka ƙasa da digiri 10, farin gam kuwa ba ya kamawa da kyau a irin wannan sanyi, sai ya bushe fari kamar alli. Ga ɗauke wuta, wani lokaci sau biyu ko uku a yini, awa biyu ko huɗu. Mun tsara yini a kan jadawalin wutar: in akwai, zarto da injin fere, in babu, gam da ɗauri, a ƙaramin ɗakin da rana ke bugawa bayan azahar.

16 ga Yuli

Yau na huta, na shiga Cape Town. Na tsaya a Zeitz MOCAA, gidan adana zane-zanen zamani da aka buɗe a 2017. Ginin tsohon rumbun hatsi ne na tashar jiragen ruwa, bututun kankare 42 a tsaye, mai zanen gini Thomas Heatherwick ya sa aka fafe tsakiyarsu aka yi fili. Abin da na je gani shi ne bakin yankan, inda aka bar kaurin kankaren a fili kowa ya gani. Na yanke shawarar bakin ƙofar kabad ɗina ma ba zan rufe shi da komai ba, a ga zagayen a jere.

A kan hanyar dawowa na yi ta tunanin abin da ake kira zanen kayan ɗaki na Afirka na zamani, wanda gidajen baje kolin zane irin su Southern Guild, da aka kafa a 2008, suke kai wa kasuwannin duniya. Akwai waɗanda nake cire wa hula. Hamed Ouattara a Wagadugu yana buɗe tsofaffin durom na mai, ya daddale su da guduma, ya yi kabad da su, fentin kamfani da tsatsa da lotsewa duk suna nan. Bai ƙirƙiro wannan ba, maƙeran kasuwa sun daɗe suna yin akwati da murhu da durom. Shi ya ɗauki aikin da muhimmanci ya kai shi inda ba a zata ba. Cheick Diallo a Bamako yana saƙa igiyar roba a jikin ƙarfe ya fitar da kujera, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gida a Bamako ko Yamai ya san kakar wannan kujerar. A wurin su biyun, yadda aka yi abin shi ne ya zo daga gida.

Wanda ba na so shi ne akwati mai kusurwa huɗu irin na ko'ina, a zana masa alwatika da baƙi da fari a ƙofa, a ce na Afirka ne. Masu gonakin nan suna son irin wannan, don baƙo daga Jamus yana ganewa da sauri. Mai gonarmu ma ta tambaya ko zan sa dagi a ƙofar, ta gani a intanet. Na ce mata dagi na bangon soro ne da gaban riga, ban taɓa ganin Kawu ya sa shi a rumbu ba. Ta bar maganar.

4 ga Agusta

Masu ƙananan motocin haya sun shiga yajin aiki tun jiya, yaron shagonmu da ke zuwa daga unguwar Khayelitsha ta Cape Town bai samu fitowa ba. Ɗora zagaye aikin mutum biyu ne, ɗaya na shafa gam ɗaya na daidaitawa kafin ya fara kamawa. Na tsaya a zagaye na 17. Na koma yin gurbin kwalabe.

14 ga Agusta

Yajin ya ƙare ran 10, yaro ya dawo lafiya. Zagaye biyu muke ɗorawa a yini, ba ƙari. Kowane sabo ana juya shi rabin guntu, don haɗinsa ya faɗa tsakiyar guntun da ke ƙasa, yadda magini ke jera bulo.

Mai walda ya kawo sandar da farantan. A nan ne katako da ƙarfe suke saɓani. Katako ba ya ƙara tsawo ta bin jijiya, ta faɗi yake kumbura da motsewa. A wannan gini jijiyar kwance take tana zagayawa, saboda haka tsayin kabad ɗin ne zai riƙa sauyawa, ya ƙaru da damina ya ragu da rani, ko da 'yan milimita ne. Sandar ƙarfe kuwa tana nan yadda take. In aka ɗaure ta sama da ƙasa tamau, wata rana da rani za a ji ƙara, zagaye ya rabu. Don haka a ƙasa kaɗai aka kafe ta. A sama tana shiga wani zobe ne da take zamewa a ciki, da sararin santimita ɗaya.

2 ga Satumba

Sassaƙa. Wannan ne wurin da na fi jin daɗi, shi ne kuma ya fi cin rai. Jikin ya fito da matakala-matakala, sai an cinye su kafin siffa ta bayyana. Na fara da injin gurza na hannu, ƙura ja ta rufe ni har gira, sannan na koma gizago. Wanda nake aiki da shi daga gida na zo da shi, irin na masu sassaƙa turmi, na sake masa ƙota a nan. Maigida ya so a goge jikin sumul a sa masa ƙyalli. Na roƙe shi ya bari in gama gefe ɗaya tukuna. Gizago yana barin 'yan ramuka kamar faɗin babban yatsa, kowanne yana kama haske ta gefensa, kuma suna ɓatar da layin gam, ido ya daina ƙirga zagaye ya ga abu ɗaya. Da ya gani da yamma, hasken taga na bugunsa a karkace, bai ƙara maganar gogewa ba.

Wahalar ita ce jijiya tana sauya hanya a kowane guntu. Sara uku, sai ka juya hannu, in ba haka ba bakin ya ɓantare katakon. Bango yana sauka zuwa santimita huɗu. Ina huda ƙaramin rami a inda ƙofa za ta fita don in riƙa duba kaurin.

13 ga Satumba

Na kai samfurin launi gonar. Ina jiran mai gonar a tsohon gidan, sai na tsaya gaban wani dogon kabad na zamanin Holandawa, baƙin katakon stinkwood da rawayan yellowwood, haɗinsa bai buɗe ba har yau. Ba sunan wanda ya yi shi. Giya a wannan yanki ta fara ne a Fabrairun 1659, aka kafa Stellenbosch a 1679, kuma bayi ne suka riƙe gonakin, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya, har zuwa 1838 da aka sake su. Da yawa daga kafintocin da suka yi irin wannan kabad daga cikinsu suke. Bayan bauta kuma aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, abin da doka ta hana tun shekarun 1960 amma bai mutu ba sai wajen 1990 da wani abu. Na gaya wa maigida ina so a buga sunayen duk wanda ya taɓa namu a ƙarƙashin gindinsa, har da yaron shago da mai walda. Ya yarda.

Launi: ta zaɓi mai duhun, wanda na yi ƙoƙarin kusanta shi da jan makuba. A waje kakin zuma kawai za a shafa. Ciki ba za a sa komai ba, ko mai ko fenti, saboda wari.

27 ga Satumba

Ruwan da aka yi ran 24 da 25 ya yi ɓarna sosai, koguna sun cika sun tumbatsa, an rufe hanyoyi da dama, har ta wajen garin Franschhoek. Ruwa ya shigo shagonmu ta ƙarƙashin ƙofa kamar kaurin yatsa biyu. Kabad ɗin yana kan ƙafafunsa, santimita 25 daga ƙasa, bai taɓa shi ba. Filankin teburin abokina biyu da ke jingine sun sha.

Na auna tsayin jikin bayan kwana biyu na damshi: ya ƙaru da milimita biyu. Zoben sama ya yi aikinsa.

9 ga Oktoba

An yanke ƙofa. Da siririn zarto na hannu na fitar da ita daga jikin, don jijiyarta ta ci gaba da ta bango kuma su riƙa motsi tare. Faɗinta santimita 30, daidai fitar kwalba ɗaya da hannu. Hinjis uku na tagulla, na tsakiya ne kaɗai a kafe, na sama da na ƙasa raminsu dogo ne.

Mun cika tsofaffin kwalabe 48 da ruwa muka loda. Farantai biyar suna juyawa a hankali yadda ake so. Na biyu daga ƙasa yana ɗan gogar bango in mai kumfa ce a gurbin, saboda tumbin ya fara tsukewa a nan; zan rage santimita ɗaya daga cikin bangon a wannan layin, kaurin zai ɗauka.

Saura hula. Mai gonar tana son jinka ta gaske, da ciyawar dekriet da ake yanka a wajen garin Albertinia, wadda ake rufa tsofaffin gidajen yankin da ita. Mai haɗa giyar ya ce ciyawa za ta tara ƙura da ƙwari a ɗakin da ake zuba wa mutane abin sha, kuma ina ganin ya fi ta gaskiya. Zan yi biyu ƙanana, ɗaya ta ciyawa ɗaya ta tagulla da aka daddala, in kai musu ran 20 ga wata. Suna so kabad ya shiga ɗakin kafin baƙin Disamba su fara zuwa, kuma har yanzu ba mu samu motar da za ta ɗauki rabi biyun a tsaye ba.